Motar da ba ta shan esansi: yadda ake kiyaye lafiyar batirinta

Akwai motocin da ba su shan esansi, ba su shan gazuwal. Da wutar lantarki suke tafiya. Wutar tana ajiye cikin wani babban batir da ke ƙarƙashin motar. In ta ƙare, sai a jona motar da kuran, kamar yadda muke yi ma salula.

Motocin nan sun yi yawa a duniya. A shekarar 2024 an sayar da fiye da miliyan 17, in an haɗa da masu batir da inji tare. Fiye da rabinsu a ƙasar Sin aka saye su. A shekarar 2024 ɗin kuma ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan esansi da gazuwal. A Kotonu da Lome kuwa, wasu ƴan kabu-kabu da moto mai batir suke aiki.

Mu nan, yawancin motocinmu sai sun yi aiki a wata ƙasa kafin su iso. Ke nan mota mai batir da za ta fara zo ma yawancinmu tsohuwa ce. Batir kuwa shi ne abin da ya fi tsada a jikinta, wajen kashi ɗaya cikin uku na kuɗin motar. Wanda ya sayi mota mai mataccen batir ya yi babbar hasara. Shi ya sa ya kamata mu san yadda batirin nan ke aiki tun yanzu.

BATIR BA ABU ƊAYA BA NE

Kowa ya san cocila. Ana sa mata pil biyu, kan wannan a gindin wannan. Kowane pil yana da ƙarfin bolt 1,5. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turawar wuta. Pil biyu a jere suna ba da bolt 3.

Kowa kuma ya ga batirin kamiyo ko na ƙaramar mota. A samansa akwai marfi shida inda ake ƙara ruwa. Kowane marfi ɗaki guda ne, mai bolt 2. Ɗaki shida sun yi bolt 12. Makanikai sun sani, in ɗaki guda ya mutu, batirin duka ya tashi aiki.

Batirin mota mai lantarki haka shi ke, sai dai ɗakunan sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masu sana'a na ce ma kowane ɗaya «selil». Mu za mu ce musu ƴaƴan batir. Ana yin su da wani ƙarfe marar nauyi mai suna litiyom. Irin su ne ke cikin salula. Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wanga batir a shekarar 1991.

Ga misali biyu.

Motar Nissan Leaf ta fara fitowa a ƙarshen 2010. Batirinta na farko yana da ƴaƴa 192. An haɗa su biyu-biyu, suka zama rukuni 96. An jera rukunin nan 96 kan wannan a gindin wannan, kamar pil a cocila. Duka suna ba da wajen bolt 360. Nauyin batirin ya kusa kilo 300.

Motar Tesla Model S ta fito a 2012. Babban batirinta yana da ƴaƴa 7104, kowane bai wuce tsawon yatsa ba. Su ma rukuni 96 ne a jere, kowane rukuni da ƴaƴa 74.

KOWANE ƊA YANA DA IYAKA

Ɗan batir na litiyom yana da iyaka biyu, ta sama da ta ƙasa. Irin wanda ya fi yawa a motocin farko, in ya cika yana kai bolt 4,2. In ya sauko wajen bolt 3, ya ƙare. In an tura mishi wuta ya wuce iyakar sama, sai ya yi zafi, yana iya kumbura, yana iya kama wuta. In an tatse shi ya wuce iyakar ƙasa, sai ya lalace, ba ya komawa daidai.

Ga kuma abin da ya kamata a riƙe sosai. Tunda a jere suke, wutar da ta ratsa na farko ita ce ke ratsa na ƙarshe. Ba a iya ba wani da yawa, wani kaɗan. Wajen cikawa rabonsu ɗaya, wajen ɗiba ma rabonsu ɗaya.

MISALIN TULUNA

Mu ɗauka akwai tulu 96 a jere. Kowane tulu yana cin ludayi 100 na ruwa. Ga doka uku:

Ta farko, in za a zuba ruwa, kowane tulu ludayi ɗaya zai samu. In za a ɗiba, ludayi ɗaya za a ɗiba daga kowane.

Ta biyu, da zarar tulu guda ya cika, an daina zubawa ga duka.

Ta uku, da zarar tulu guda ya ƙare, an daina ɗiba daga duka.

Yanzu a ce tulu guda yana ɗan yoyo. Yau ɗigo, gobe ɗigo. Bayan watanni ya rage da ludayi 10. In aka zo cikawa, sauran 95 za su kai 100, shi kuwa yana 90. Dole a tsaya, don sauran sun cika. In aka zo ɗiba, bayan ludayi 90 shi ya ƙare. Dole a tsaya, alhali kowane daga cikin sauran yana da ludayi 10 a ciki. Ruwan yana nan, amma ba a iya taɓa shi.

Kun ga ke nan, tulu guda ya sa an rasa kashi 10 cikin 100 na duka jerin. Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Haka batirin mota ke yi. Motar da ya kamata ta yi kilomita 200 sai ta tsaya a 180. Sauran ƴaƴan ba su ƙare ba, guda ne ya ƙare. Wanga shi ake kira rashin daidaito.

ME KE KAWO RASHIN DAIDAITO?

Ko ƴaƴan uwa ɗaya ba su zama ɗaya sak. Ƴaƴan batir ma tun daga masana'anta akwai ɗan bambanci tsakaninsu. Kowane ɗa yana zubar da wuta kaɗan-kaɗan ko ba a aiki da shi, amma wani ya fi wani. Wurin zama ma yana kawo bambanci. Waɗanda ke tsakiyar akwati sun fi na gefe shan zafi. Wanda ya fi shan zafi shi ke fara tsufa. A wata ɗaya bambancin ba shi da yawa. In an bar shi shekara da shekaru, sai ya taru.

MAI GADIN BATIR

Don haka aka sa ma kowane batirin mota wata ƙaramar na'ura mai ƙwaƙwalwa. A takardun mota ana rubuta sunanta da baƙaƙe uku: BMS. Mu za mu ce mata mai gadin batir.

Mai gadi yana da siririyar waya zuwa kowane rukuni. Yana auna bolt na kowane, yana auna zafi a wurare da dama. In wani ɗa ya kai iyakar sama, sai ya tsayar da caji. In wani ya kai iyakar ƙasa, sai ya rage ƙarfin motar, daga baya ya tsayar da ita. In batir ya yi zafi da yawa, sai ya rage gudun caji. Shi ne kuma ke gaya ma direba wutar da ta rage.

Awon nan na ƙanƙanin abu ne. Ana raba bolt ɗaya gida 1000, kowane gida shi ne milibolt. A batir mai lafiya da ke hutawa, tazarar da ke tsakanin ɗan da ya fi sama da wanda ya fi ƙasa ba ta wuce milibolt ƴan gomiya. In ta kai ɗaruruwa, akwai matsala.

Mai gadi yana daidaita ƴaƴan ta hanya biyu.

Hanya ta farko: ya rage ma waɗanda suka yi gaba. A misalinmu, sai a riƙa ɗibar ruwa kaɗan-kaɗan daga tulunan da suka cika ana zubarwa, har su yi daidai da na baya. Sa'an nan a ƙara ma duka tare, su cika tare. A cikin batir, wutar da aka rage tana zama ɗan zafi ta tafi. Hanyar nan ba ta da tsada, ita ce yawancin motoci ke bi.

Hanya ta biyu: ya ɗiba daga wanda ya yi gaba ya zuba ma na baya. A nan hasarar wuta kaɗan ce, amma kayan aikin sun fi tsada.

Aikin daidaitawa ba na gaggawa ba ne. Yana cin awoyi, wani lokaci kwanaki. A motoci da yawa, mai gadi ya fi samun damar yin shi in batir ya kusa cika, ko in mota tana tsaye. Shi ya sa ake son a bar mota ta cika har ƙarshe jefi-jefi, kada kullum a cire waya a rabin hanya.

RASHIN DAIDAITO DABAM, TSUFA DABAM

A nan ne mutane ke ruɗewa. Mu koma ga tulunanmu.

Tulun da ruwansa ya rage, amma cikinsa bai canza ba, da an daidaita shi ya koma cin ludayi 100. Wanga yana da magani.

Amma akwai tulun da laka ta taru a gindinsa ta daskare. Yanzu ludayi 80 kaɗai yake ci. Ko an cika shi har baki, 80 ɗin ne. Shi ke fara cika, shi ke fara ƙarewa. Mai gadi ba ya iya kwashe lakar nan. Wanga shi ne tsufa. Maganinsa sai a canza rukunin da ya lalace, ko a canza batirin duka.

Tsufa kuwa yana samun kowane ɗan batir. A hankali wani ɓangare na litiyom yana maƙalewa a ciki, ya daina aiki. Hanyar wuta ma tana ƙuncewa, sai ɗan ya riƙa yin zafi in an matsa mishi.

Ana faɗin lafiyar batir da kashi cikin 100. Sabon batir yana kashi 100. In aka ce lafiyarsa kashi 70 ce, motar da ta yi kilomita 200 tana sabuwa yanzu 140 za ta yi. Wajen tafiyar Yamai zuwa Doso ke nan, ba ragowa. Kamfanoni da yawa suna ba da garanti na shekara 8 ko kilomita 160.000, a kan batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Tsohuwar mota kuwa, sau da yawa garantin nan ya ƙare kafin ta iso.

ZAFI SHI NE BABBAN ABOKIN GABA

Batirin litiyom ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 35. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40 a inuwa. Kwalta da ke ƙarƙashin mota ta fi haka zafi. Wanga batu ya shafe mu fiye da mutanen Turai.

An riga an ga misalinsa. A jihar Arizona ta Amurka akwai hamada, kuma zafinsu ya yi kama da namu. A shekarar 2012 masu motar Nissan Leaf na birnin Finiks suka koka. Batirinsu ya rage ƙarfi cikin shekara ɗaya ko biyu, da sauri fiye da na garuruwa masu sanyi. Batirin motar nan ba shi da ruwan sanyayawa, iskar waje kawai ke sanyaya akwatinsa. Daga baya kamfanin ya ba da garanti a kan ƙarfin batir, ya kuma fito da wani wanda ya fi jure zafi.

Wasu motoci, kamar na Tesla, suna da bututun ruwa da ke bi tsakanin ƴaƴan batir. Ruwan yana kwashe zafi, yana kuma sa duka ƴaƴan su zauna cikin zafi kusan ɗaya. Ta haka suna tsufa tare. A ƙasa irin tamu, wanga abu ne da mai saye zai fara tambaya.

Bayan zafi, ga sauran abubuwan da ke tsofar da batir: barin shi cike maƙil kwana da kwanaki, musamman a rana, barin shi babu wuta ko kaɗan, yawan caji mai sauri, wanda ke dumama shi, da kuma shekaru, ko mota tana ajiye.

BATIR IRI BIYU NE

Iri na farko ana yin shi da nikel da kobalt. Yana ɗaukar wuta da yawa, amma ba ya son zama cike. Ga aikin yau da kullum, an fi son a tsayar da shi wajen kashi 80. Sai in za a yi doguwar tafiya a cika shi, a kama hanya ba da daɗewa ba.

Iri na biyu ana yin shi da baƙin ƙarfe da fosfat. A takarda ana rubuta shi LFP. Ɗansa bolt 3,2 gare shi. Ya fi arha, ya fi jure zafi, bai cika kama wuta ba. Motocin ƙasar Sin da yawa shi ke cikinsu. Sai dai yana da wani hali: ko yana kashi 30, ko yana kashi 70, bolt nasa kusan ɗaya ne. Mai gadi ba ya gane inda ƴaƴan suke sosai sai sun cika. Saboda haka irin wanga ana son a cika shi har 100 a kai a kai. Kamfanin Tesla ya ce ma masu irinsa su yi haka aƙalla sau ɗaya a sati.

Kun ga dokar wannan ba ita ce dokar wancan ba. Kowa ya san irin batirin da ke cikin motarsa, ya bi abin da littafinta ya ce.

IN ZA KU SAYI TSOHUWA

Fenti ba ya nuna lafiyar batir. Yawan kilomita ma ba ya faɗin duka gaskiya. Motar da ba ta yi tafiya da yawa ba, amma ta shekara cike a rana, tana iya fin wata lalacewa.

1. Ku tambayi shekarar motar, da irin batirin, da ko yana da ruwan sanyayawa.

2. Ku sa a auna. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa inda ake jona na'urar awo. Tana nuna lafiyar batir kashi nawa ce, da bolt na kowane rukuni.

3. Kada ku yarda da awon lokacin da batir ya cika kaɗai. Ɗa mai rauni ya fi tona kansa in wuta ta yi ƙasa, ko in mota tana hawan tudu da kaya.

4. Motar Leaf ta farko tana da layi 12 a allon gaban direba masu nuna lafiyar batir. Layi na farko yana ɓacewa in an rasa wajen kashi 15. In layi 9 suka rage, batir yana wajen kashi 70.

5. Ku yi doguwar tafiya da ita. In allo ya ce saura kilomita 40, ba a jima ba ya faɗo zuwa 10, akwai ɗa mai rauni a ciki.

6. Ku tambaya ko akwai mai gyaran irinta kusa da ku, da inda za ku samu kuran.

HATTARA DA RAI

Batirin bolt 12 ba ya kashe wanda ya taɓa shi. Na bolt 360 yana iya kashewa nan take. Wayoyinsa masu kauri ne, launinsu ruwan goro. Kada kowa ya taɓa su, kada a yanke su, kada a buɗe akwatin. Ko makanikin da ya ƙware ga inji, in bai koyi wanga aiki ba, ya bar shi.

Ɗa guda da ya lalace yana iya kunna ma na kusa da shi wuta, wancan ma ya kunna ma na gaba. A 2020 da 2021 kamfanin General Motors na Amurka ya kira motocinsa Chevrolet Bolt, wajen 140.000, don a duba su. Wasu kaɗan daga cikinsu sun kama wuta. Da aka bincika, sai aka tarar wasu ƴaƴan batir sun fito daga masana'anta da aibi biyu a ɗa guda.

Ba kasafai haka ke faruwa ba, amma a san alamunta. In kun ji wari mai hawa kai, ko tsaki daga ƙarƙashin mota, ko kuka ga farin hayaƙi, kowa ya fita ya yi nisa. Kada a shaƙi hayaƙin, guba ne. A kira ƴan kwana-kwana. Wutar nan tana cin ruwa mai yawa, kuma tana iya sake tashi bayan awoyi. Motar da ta bugi dutse ta ƙasa, ko ta nutse a korama da damina, a ajiye ta nesa da gida da rumbu har a duba ta.

DARASIN DA ZA MU YI AIKI DA SHI YAU

Ko ba mu da motar nan, ƴaƴan batir iri ɗaya suna gidajenmu. Suna cikin salula, da fitilar hasken rana, da sabbin batiran da ake haɗawa da panno.

Kada a haɗa sabon pil da tsoho cikin cocila ko radiyo. Tsohon zai fara ƙarewa, sabon ya yi ta matsa mishi har ya yi yoyo ya ɓata na'urar.

In za a jera batir biyu na bolt 12 don a samu 24, su zama iri ɗaya, girma ɗaya, shekaru ɗaya. Kada a ja waya daga guda ɗaya kaɗai don kunna fitila, wanga yana kawo rashin daidaito.

Ana samun batirin litiyom da aka harhaɗa da tsofaffin ƴaƴa. In ba shi da mai gadi, kada ku saya, komai arharsa. Araha ba ta ado.

A ajiye batir a inuwa, inda iska ke shiga. Kada a bar salula tana caji ƙarƙashin matashi ko a rana. Wanda ya kumbura, a daina aiki da shi. Kada a jefa shi a wuta, kada a bar ma yara su yi wasa da shi.

TAMBAYOYI

1. Ɗaki nawa ke cikin batirin bolt 12? Kowane bolt nawa gare shi?

2. Me ya sa ɗan batir guda mai rauni ke tsayar da mota duka?

3. Mene ne bambancin rashin daidaito da tsufa? Wanne ne mai gadi ke iya gyarawa?

4. Mota tana yin kilomita 300 tana sabuwa. Yanzu lafiyar batirinta kashi 80 ce. Kilomita nawa za ta yi?

5. Ku faɗi abu uku da za ku tambaya kafin ku sayi tsohuwar mota mai batir.